Su da ruwa, mu da rairayi: daga Gidigir zuwa birnin Delfit na ƙasar Holan

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwance dila a kasuwar Dole ta Damagaram ya san sunan Holan. Atamfar da ake alfahari da ita cikin lefe daga can take fitowa, daga masaƙar Vlisco wadda aka kafa tun 1846. Wata madarar gwangwanin da mai shayi ke hudawa da safe, in aka bi asalinta, can za a tarar da shi. Amma kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa mutanen da ke aiko muna da waɗannan kaya suna zaune ne a bakin halaka, domin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu ya fi teku gangarawa. Da za su yi sakaci shekara guda, da ruwa ya shafe gidaje da gonaki.

Mu ma a gabashin ƙasarmu muna da namu tekun, sai dai na rairayi ne. Mutanen Gidigir da Gure sun san yadda tudu ke tasowa sannu a hankali har ya hau kan dabino. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ba masu karatu labarin ƴan kwanakin da na yi a wani tsohon birni na Holan, wanda su ke rubutawa Delft, mu kuwa bakinmu ya fi sauƙin cewa Delfit. Na shiga garin da idon wanda ya san kwarurrukan Gidigir, kuma da wannan ido zan ba da labarin.

Birnin da aka haƙa

Delfit na tsakanin manyan birane biyu: Rotadam, mai babbar tashar jiragen ruwa, da Lahe, mazaunin gwamnati da Kotun Duniya. Daga kowannensu jirgin ƙasa ba ya wuce rubu'in awa. Yawan mutanensa ya ɗan zarce 100.000. Abu na farko da baƙo zai gani a bakin tasha shi ne kekuna, dubbai, an jera su hawa biyu. Alƙali da likita da ɗan lakkwal duk a kan keke suke, ba wanda ke ganin girmansa ya ragu.

Sunan garin kansa daga kalmar "haƙa" ya fito a harshensu. Wajen shekara ta 1100 manoma suka haƙa wata doguwar magudana don su tsane fadamar da suke zaune a ciki, gari ya tsiro a gefenta, kuma a 1246 sarkin yankin ya ba shi matsayin birni. Magudanar tana nan har yau. Na bi gefenta a ƙasa tun daga wannan baki har wancan: ruwa kwance a tsakiya, itatuwa jere dama da hagu, ƙananan gadoji na bulo, gidaje masu ƙunci da tsawo manne da juna kamar haƙoran matseefi. A wasu unguwanni ruwan bai fi kamu biyu ba tsakaninsa da dokin ƙofa. Na tambayi mai masaukina ko ba ya tsoron ranar da zai farka ya ga ruwa a ɗaki. Ya nuna mini cewa akwai waɗanda aikinsu ke nan, dare da rana, kuma shi ne ke biyansu. Wannan amsa ita ce na yi ta bi har ƙarshen zamana.

A tsakiyar gari akwai babban fili, gidan magajin gari a wannan gefe, babbar coci a wancan. Hasumiyar cocin ta kusa mita 109, matakalarta 376. Na hau, ina tsayawa ina maida numfashi. Daga sama mutum na hangen dogayen gine-ginen Rotadam ta kudu da na Lahe ta arewa, tsakaninsu ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, an tsattsaga ta da layukan ruwa, shanu baƙi da fari suna kiwo ba makiyayi, domin ruwan ne shingensu. A cikin wannan coci ake rufe sarakunan Holan, tun daga kakansu Wiliyam na Oranj, wanda ya jagoranci tawayen ƙasar ga mulkin Sifen, aka harbe shi a nan Delfit ranar 10 ga Yuli 1584. Akwai kuma wata tsohuwar cocin da hasumiyarta ta karkace kusan mita biyu, saboda ƙasar da aka ɗora ta a kai taɓo ce.

Ranar kasuwa

Ranar Alhamis filin nan ke cika da rumfuna. Cuku manya kamar dutsen niƙa, ɗanyen kifi da ake ci da yankakkiyar albasa, furanni, tufafi, ƴaƴan itace daga ƙasashen da ba su san sanyi ba. Ba a ciniki: kuɗin kowane abu na rubuce, ba "albarka", ba "ƙara mini". Wanda ya zo da sefa kuwa sai ya riƙa lissafi cikin zuciya, domin Yuro guda ya kai dala 131.

Kantunan da ke kewaye da filin cike suke da tangaran fari mai zanen shuɗi, wanda ya kai sunan garin ko'ina cikin duniya. Labarinsa ya kamata ƴan kasuwa su ji. A 1602 Holan ta kafa babban kamfanin fatauci zuwa gabashin duniya, kuma Delfit na cikin garuruwa shida da ke da reshensa. Jiragensa suka riƙa kawo tangaran ƙasar Sin, masu kuɗi suna rububi. Da yaƙi ya rikita Sin a tsakiyar wannan ƙarni kaya suka yanke, sai maginan tukwanen Delfit suka kwaikwayi zanen da yumɓunsu, suka cike gurbin. Ɗaya daga cikin waɗannan masana'antu, wadda aka buɗe a 1653, tana aiki har yanzu, kuma na ga masu zane zaune suna jan layi da hannu.

Wani ɗan kasuwar garin ma ya bar tarihi. Antoni fan Lewenhuk, wanda aka haifa a 1632, mai sayar da yadi ne. Gilashin da ƴan yadi ke duba zare da shi ne ya yi ta gogawa yana ƙara masa ƙarfi, har a shekarun 1670 ya duba ɗigon ruwa ya ga ƙananan halittu suna iyo. Ilimin ƙwayoyin cuta da likitocinmu ke aiki da shi yau daga kantin yadi ya fara. A shekarar da aka haife shi aka haifi mai zane Yohanes Fermer, wanda hoton da ya zana na wannan gari ke rataye a wani gidan tarihi na Lahe.

Ba duka arzikin nan ne ke da tsarki ba, kuma bai kamata ɗan Afirka ya wuce bai faɗa ba. Holan ta riƙe gidan bayi na Elmina, a gaɓar Gana ta yau, daga 1637 har 1872, kuma jiragenta sun kwashi ƴan'uwanmu zuwa Amurka. Sai a Disamban 2022 shugaban gwamnatinsu Mark Rute ya nemi gafara a hukumance, sarkinsu ya bi baya ranar 1 ga Yuli 2023.

Gidan da ya fi gwamnati tsufa

A gefen tsohuwar magudanar nan akwai wani gida na dutse, fuskarsa cike da tambura masu launi. Tun 1645 mazaunin hukumar ruwa ta yankin Delfilan ne. Ita hukumar ta girmi gidan nesa ba kusa ba, domin an kafa ta a 1289. Ta girmi kamfanin fataucin nan, ta girmi sarautar Holan, ta girmi ƙasar kanta a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta. Sarakuna sun zo sun wuce, Sifen ta mulki ƙasar, Faransa ta mamaye ta, Jamus ta mamaye ta a 1940, gobara ta cinye yawancin garin a 1536, rumbun albarushi ya fashe ya rushe unguwanni a 1654, amma ba a daina duba ganuwar ruwa ba.

Ga yadda abin yake. A yau Holan na da irin waɗannan hukumomi 21. Kowace na da iyakarta, kuma iyakar tana bin yadda ruwa ke gudu ne, ba yadda aka raba jahohi ba. Kowace na da majalisar da jama'a ke zaɓa bayan shekara huɗu huɗu, na baya-bayan nan a watan Maris 2023, tare da wasu kujerun da aka keɓe wa manoma. Abin da ya fi muhimmanci, kowace na karɓar nata harajin kai tsaye daga gidaje da masu filaye, kuma kuɗin ba ya bi ta baitulmalin ƙasa balle a karkatar da shi zuwa wata buƙata. Da shi ake gyaran ganuwa, da yashe magudanai, da tafiyar da injunan da ke kwashe ruwa daga gonaki su zuba shi teku. A da injunan iska ke wannan aiki. 19 daga cikinsu na nan tsaye a ƙauyen Kindadaik, gabas da Rotadam, yawancinsu tun wajen 1740.

Tun kafin haraji, aikin jiki ne. Kowane mai gona yana da yankin ganuwar da ke wuyansa. Dattawan hukuma na zagayawa a lokutan da aka sani suna dubawa, wanda ya yi sakaci a ci shi tara. Wanda ya ga ba zai iya ba kuwa, al'adarsu ita ce ya kafa shebur ɗinsa a kan ganuwar, alamar ya sallama gonar. Wanda ya zare shebur ɗin ya ɗauki gona da nauyinta gaba ɗaya. Dalilin wannan tsanani a fili yake: ganuwa ba ta da rabin amfani. In ta ɓalle a gonar mutum guda, gari duka ke nutsewa.

Duk da haka ruwa ya taɓa cin su. Daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953 guguwa ta haɗu da cikar teku, ganuwa ta fashe a kudu maso yammacin ƙasar, mutum 1.836 suka rasu. Daga nan suka shiga manyan ayyukan datse bakunan koguna da suka ɗauke su fiye da shekara arba'in. Na je na ga ɗaya daga cikin na ƙarshe, wanda aka gama a 1997 a kan hanyar jiragen da ke shiga Rotadam: ƙyamare biyu na ƙarfe, kowane tsawon mita 210, suna jingine a gaɓa, kwamfuta ce ke ba da umurnin rufe su idan teku zai tashi. Bayan wannan masifa kuma aka buɗe makarantar ilimin ruwa a Delfit a 1957, wadda injiniyoyi daga Afirka da Asiya ke zuwa karatu cikinta har yau.

Inda ake sayen rairayi

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ƙarfe ba ne. Wata rana na ari keke na nufi bakin teku, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ta cikin gonakin gilashi inda ake noman tumatir da tattasai rani da damina. Kafin in ga ruwa sai na ga abin da na sani: tuddan rairayi, jere a gaɓa, kamar an ɗauko su daga hanyar Gure.

A nan tudun rairayi aboki ne, shi ne ganuwar da Allah ya yi musu. Don haka suna tsaronsa kamar rumbu. An dasa masa wata ciyawa mai dogayen saiwoyi layi layi, an kewaye shi da waya, an fitar da turba guda wadda kowa zai bi, wanda ya kauce ya taka ciyawar ya yi laifi. A 2011 har suka kashe maƙudan kuɗi suka yaso rairayi daga ƙarƙashin teku, mita kubik miliyan 21 da rabi, suka jibge shi wuri guda a wannan gaɓa don iska da igiyar ruwa su riƙa rarraba shi suna ƙara wa tuddan kauri. Abin da ke korar mutane daga gonakinsu a ƙasarmu, a can da kuɗi ake nemansa. Amma dabarar ɗaure tudu iri ɗaya ce da tamu: shinge, shuka, da hana takawa. Bambancin yana wajen wanda ke tsaro bayan an gama dashe.

Kwarurrukan Gidigir

Mai karatun da bai taɓa bin hanyar gabas ba, ga yadda wurin yake. In ka bar Damagaram a kan babbar kwalta ta ƙasa, ka wuce Mirya, ka wuce Gidimuni da tafkinta wanda aka sa cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya a 2019, sai ka iso Gidigir kafin Gure. Daga bakin hanya ba ka ganin kome sai jigawa da ƴan ƙayoyi. Sai ka hau wani tudu, ka leƙa, ka ga kore shar a ƙasa: kwari ke nan. Goriba ta kewaye shi daga waje, dabino na bi mata, sannan lambuna na rogo da rake da masara da albasa da dankali, a tsakiya kuma farin fili inda kanwa ke tsatsowa. A wasu kwarurrukan ruwa na kusa ƙwarai, haƙa kaɗan ka same shi. Dabinon wannan yanki sau biyu yake haihuwa a shekara.

Wannan arziki ba na jiya ba ne. Ƙasar Muniyo, wadda Gure ce hedkwatarta, da ƙasar Mangari sun daɗe suna ciyar da kasuwannin Kano da Borno da kanwa da gishirin manda, a kan raƙuma da jakuna da takarkarai. Baturen Jamus Hainirik Bart ya ratsa Muniyo a Disamban 1852 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya rubuta abin da ya gani na tafkunan kanwa. Yau kamiyo ne ya gaji raƙumi, amma buhunan kanwa da dabinon da ake lodi a kasuwar Gidigir daga waɗannan ramuka suke fitowa. Manga da Bahaushe da Bafillace duk a nan suke samun abin sa wa a baka.

Fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya kashe ciyawa da itatuwan da ke riƙe da tuddai. Jama'a ta ƙaru, dabbobi suka ƙaru, gatari bai huta ba. Tudun da ya yi tsirara kuwa iskar hunturu na ɗibarsa tana turawa gaba. Wanda ya zaga yankin zai ga dabinon da rairayi ya kai masa wuya, da rijiyoyin da suka toshe, da wuraren da tudu ke lasar kwalta.

Ba za a ce an naɗe hannu ba. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye. Wajen 2010 aka ƙaddamar da furoje na musamman don kare kwarurrukan Gure da Maine Sorowa daga rairayi, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanenmu sun ƙware: suna kafa shinge da rassan kalimbo ko na goriba, gida gida kamar dara, su dasa itatuwa a ciki, cikin damina biyu ko uku tudu ya kwanta. Aikin na ci, wanda ya gani ya shaida.

Matsalar ita ce furoje yana da ranar farawa da ranar rufewa, iska kuwa ba ta da su. Ranar da motocin suka koma, aka daina biyan mai gadi, sai shinge ya zama itacen girki, awaki su shiga dashe, bayan ƴan shekaru a sake rubuta takardar neman wani tallafin don ɗaure tudun da aka riga aka ɗaure. Kowa na kiran wurin da sunan waɗanda suka kawo kuɗi, ba wanda ke cewa nawa ne.

Abin da za mu iya ɗauka

Wani zai ce Holan ƙasar masu kuɗi ce, mu kuwa talakawa ne. Gaskiya ne ba mu da halin ƙera ƙyauren ƙarfe na mita 210, kuma ba mu buƙatarsa. Amma a tuna da shekarar: 1289. Waɗanda suka kafa hukumar Delfilan manoma ne masu shebur da kwando, cikin taɓo, shekaru ɗari uku kafin jiragen fatauci su kawo musu dukiya. Tsaron ƙasar ne ya zo da farko, arziki ya biyo baya.

Mu ma ba baƙin aikin haɗin gwiwa ba ne. Gayya gadonmu ce, kuma ganuwar Damagaram da ta Kano da hannun jama'a aka gina su, kowace unguwa da nata yanki. Abin da ya rage shi ne a mai da gayyar yini guda ta zama hukuma mai ɗorewa. Kowane kwari, ko kwarurrukan da tudu guda ke yi wa barazana, su sami majalisarsu: masu dabino, masu lambu, masu kwasar kanwa, mata masu saƙar kaba, da makiyaya, domin shingen da aka kafa ba da shawarar mai garke ba rigima ce ake dasawa, kuma dole a bar wa dabba burtali zuwa ruwa. Majalisar ta sami asusunta, ko da tiya guda ce ta dabino daga kowane mai itace lokacin girbi, da ƴan daloli a kan kowane buhun kanwa da ya fita. A sa ranar zagaye sau biyu a shekara, kafin hunturu da bayan damina, tare da mai gari da ma'aikacin gandun daji. A karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a ranar kasuwa, don kowa ya san inda dalarsa ta shiga.

Ƴan kasuwa na da babban rabo cikin wannan. Alhajin da ke da kamiyo uku a kan hanyar Gure ya sani cewa ranar da kwari ya rufe, lodinsa ne ya ragu. Abin da zai sa cikin asusun nan jari ne yake karewa. Ma'aikatan gwamnati kuma, daga na gandun daji har na ofishin komin da kwamitocin filaye, su ke da alƙalamin da zai ba irin wannan majalisa takardar zama da ikon cin tara, kuma su ke iya sa sharaɗi cewa kada wani furoje ya kafa shinge sai an san wanda zai gaje shi. In tallafi ya zo daga waje, madalla, ya tarar da masu gida a tsaye.

Hunturu na tafe, kuma iskarsa ba za ta jira a gama taro ba. Allah ya ba shugabanni da talakawa ikon riƙon abin da kakanni suka bar muna, ya sa jikokinmu su ci dabinon Gidigir a ƙarƙashin itacensa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.